Ajiyar da Muka Kai Doguwa

Shekarun baya na taɓa yin rigima da kusan duk manyan garinmu a kan wani ɗan akwati da bai fi burodi girma ba. Yanzu komai ya wuce, muna gaisawa, muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, shi ya sa ma na ga zan iya ba ku labarin. Amma tun daga farko in faɗa muku, har yau ban yi nadama ba, kuma da za a sake, abin da na yi shi zan ƙara yi.

Mu muna cikin mutanen da aka tasa lokacin da aka yi madatsar ruwa ta Tiga. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwa tun kafin a haife ni. Inda muke zaune yanzu a ƙasar Bebeji sunan tsohon garin aka sa masa, amma duk tsohon da ka zauna da shi zai ce maka suna kawai aka ɗauko. Na tashi ina jin ana cewa "can gida", ana nuna tsakiyar ruwa da baki. Da na zama malamin firamare na kuma samu waya mai ɗaukar murya da bidiyo, sai na shiga bin tsofaffinmu gida gida ina sa su suna ba ni labarin garin: ina kasuwa take, ina marina, gidan wa ke bin gidan wa, ina aka binne wane. Wasu su yi min dariya, wasu su yi kuka, wasu su ce sai na sayo goro. Na shekara wajen biyar ina wannan aiki, duk kuma abin yana kan memori ɗaya da bai fi farce ba, don ni a lokacin gani nake abin da ya shiga waya ya shiga ke nan.

Wata safiya na kunna wayar ta ce min memorin ya lalace, wai sai an wanke shi. Na kai wa masu gyara a Kafin Maiyaƙi, suka jujjuya suka ba ni abina. Na wuce da shi Kano, aka samu aka ceto mafi yawa. Cikin abin da bai dawo ba akwai hirar da na yi da kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya. Awa biyu cur muka yi da ita, kuma a lokacin ta yi wata huɗu da rasuwa. Na fito daga shagon na zauna a bakin titi kamar wanda aka yi wa sata. Ranar na ɗauki alkawari da kaina cewa ba zan sake rasa muryar kowa ba.

Ina da wani aboki tun muna sakandare, yana zaune a Kano, aikinsa haɗa wa ofisoshi kwamfutoci. Shi na kai wa kukana. Da farko ya ce in zuba komai a ma'ajiyar intanet in huta. Na ce masa an taɓa tashin garinmu da takardar da ba mu muka rubuta ba, ba zan kai muryar tsofaffina gidan haya inda wata rana za a ce doka ta canza ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai matsalarka taurin kai. To taso in nuna maka abin da ya dace da irinku."

Ya kai ni wani shago ya sa aka jera mana akwatuna uku a kan tebur. Ya ce masu wannan sana'a, NAS suke ce musu. Akwati ne da ake zura wa faifan ajiya a ciki, a jona shi da rauta, wato na'urar da ke haɗa shi da wayoyi ba tare da igiya ba, to duk wanda ke gidan in an ba shi izini zai iya buɗe abin da ke ciki daga wayarsa, ba sai da data ba. Na farko mai aljihu ɗaya ne, wato wurin zura faifai ɗaya, ƙarami, ba ya ƙara, ba ya cin wuta, amma in faifan ya mutu shi ke nan. Na biyu mai aljihu biyu, duk abin da ka zuba sai ya rubuta shi a faifai biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya yana nan. Na uku kuwa mai aljihu huɗu, baƙi, mai nauyi, da fanka a bayansa da 'yan fitilu suna walƙiya a gaba. Abokina ya shafa shi ya ce, "Mutumina, wannan shi ne babban yaya. Faifai ya mutu ka zare ka sa sabo, ko kashe shi ba sai ka yi ba."

Halin malami ba ya ɓuya. Na dawo gida na ɗauko littafin shirin darasi na ja layi da rula, na yi gida uku, na shiga ba su maki kamar 'yan aji shida. Wanne ne solata mai faranti biyu za ta iya riƙewa, wanne ne zai jure zafin bazara a ɗaki mai rufin kwano, wanne ne tsofaffin wayoyin mutanenmu za su iya buɗewa. A gaskiya mai huɗun ya faɗi a batun wuta, don sai an ƙaro batir. Amma na yi masa alfarma na ƙara masa maki, saboda fitilun nan sun riga sun tafi da ni.

Maganar ta kai kunnen shugaban ƙungiyar ci gaban garinmu, wani Alhaji mai harkar injinan ban ruwa. Ya aiko aka kira ni. Ya ce aikin da nake yi aikin gari ne, don haka ƙungiya za ta sayi mai aljihu huɗun, ta ƙara batir, a ajiye shi a ofishinta, a gayyato manya a yi bikin buɗewa. Ofishin ƙungiyar kuwa wani ɗaki ne a ƙofar gidansa, makullin yana aljihunsa. Ban ma tsaya tunanin wannan ba. Na fito ina hango kaina cikin babbar riga, da lasifika a hannu, ina yi wa manyan baƙi bayani.

Da la'asar na shiga wajen mahaifiyata in yi mata albishir. Na same ta a tsakar gida tana zaɓen zangarniyar dawar da za a ajiye ta iri. Na nuna mata hoton akwatin a waya, na zage ina bayani, faifai huɗu, in ɗaya ya mutu saura uku. Ta saurare ni har na gaji, hannunta bai daina aiki ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Kai wannan, duk huɗun a ciki ɗaya suke?"

Na ce, "Eh, Inna."

"Cikin kuma a ɗaki ɗaya?"

"Eh."

"Ɗakin kuma a gidan mutum ɗaya?"

Ta ɗaga wata zangarniya ta nuna min ta ce ko na san daga ina dawar nan ta zo. Farar dawa ce da gidanmu kaɗai da 'yan gidaje kaɗan ke shukawa, tuwonta yana kwana bai saki ba. Ta ce tun suna can gida, duk shekara in an yi girbi, mahaifinta sai ya ware dami ɗaya na iri ya aika wa ƙanensa da ke Doguwa, shi ma ƙanen ya aiko da nasa. Mutane suna yi musu dariya, wai me ya yi zafi da za a ɗora wa jaki dawa a kai ta inda ake noma dawa. Da aka tashe su, mahaifinta ya kwaso hatsinsa kaf, ya gina rumbu biyu a sabon wuri, ya raba irin gida biyu don kada gara ta yi masa ɓarna. Gidajen a lokacin duk zana ce, a cunkushe. Bazarar farko wuta ta tashi daga maƙwabta, kafin a ɗebo ruwa ta cinye rumbunan biyu, tunda kusa da juna suke.

Ta ce, "Ina 'yar yarinya, ina kallo Baba ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Da damina ta matso, yayana ya tafi Doguwa ya dawo da dami ɗaya. Tuwon da ka ci jiya jikan wannan damin ne." Ta ci gaba da zaɓen dawarta.

Na fita waje na kira abokina. Na ce masa in ɗakin da akwatin yake ya kama da wuta fa? Ya ce ai wannan ƙaddara ce. Na ce in tsawa ta bi waya ta shiga? Ya ce akwai abin kariya, amma ba ya rantsuwa a kai. Na ce to in wanda ke riƙe da lambar sirri ya ga dama ya goge wani abu? Ya ce, "Gaskiya zai tafi a duk huɗun lokaci ɗaya. Ai aikinsu ke nan, abin da aka ce wa ɗaya shi sauran za su bi."

Na ce, "To na fasa. Ƙananan nan masu aljihu ɗaya, guda biyu nake so. Ɗaya a ɗakina, ɗaya a Doguwa gidan kawuna. Kuma na Doguwa ka saita min shi yadda zai riƙa karɓa kawai, ko an goge a nan kada ya goge a can."

Ya ce, "Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Mai aljihu ɗaya fa in faifansa ya mutu ya mutu."

"Ai ɗan'uwansa yana Doguwa."

"Doguwa da ko kira sai ka hau tudu? Da wane sabis za su riƙa magana da juna?"

Na ce ni dai ya saita, sauran ya bar min. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana wannan aiki bai taɓa ganin wanda aka ba mota ya ce shi jaki biyu yake so ba. Na ce to ya gani yau.

Wajen ƙungiya ne aka yi ta. Aka tara taro a ƙofar gidan Alhaji bayan sallar Juma'a, na tashi na yi godiya, na ce na canza shawara. Alhaji ya ce, "Malam, tarihin garinmu za ka ɗauka ka kai cikin duwatsu? Mu nan ba mu isa mu riƙe kayanmu ba ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba. Amma mu da muka san gari guda yana iya tafiya rana ɗaya, bai kamata a ce mu ne muka tara komai a ɗaki ɗaya ba." Wani ya ce na raina manya. Wani ya ce boko ne ya yi min yawa. Alhaji ya ce in haka ne ƙungiya ta cire hannunta, in je in yi da ƙarfina. Na ce na gode, dama da ƙarfina na fara. Bikin buɗewa da babbar riga duk suka bi ruwa, na sayar da ragon da nake kiwo na sayo 'yan akwatunana biyu.

Abokina, duk da mitarsa, ya zo har gida ya haɗa su, ya kwafe komai a cikin kowanne. Ranar da zan tafi da na Doguwa, mahaifiyata ta karɓe shi ta naɗe da tsohon zanenta, ta sa a kwando, ta cusa tsummoki ta ko'ina don kada ya jijjiga. Sannan ta ce, "In ka je ka ce wa yaya ajiyata ce, ba taka ba. Kada ya ba kowa, kada ya bari a taɓa, sai in ni na aiko." Na yi murmushi na ce to, ina ganin rigimar tsufa ce kawai. Na ɗaure kwandon a bayan babur, na bi ta Tudun Wada, na ratsa dajin Falgore ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kawuna, wato yayan nata da ya koma can da zama tun bayan tashin, ya karɓa da hannu biyu. Na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Ya ce, "Ta faɗa, an gama." Ya sa aka kafa katako a ɗakinsa aka ɗora akwatin, aka ja masa wuta daga solar gidan.

A nan dole in ba abokina gaskiyarsa. Sabis ɗin bai yi ba. Murya takan lallaɓa ta wuce in an yi sa'a, amma bidiyo sai ya kwana uku yana tafiya bai isa ba. Dole na sayi wani ɗan faifai na aljihu, duk ƙarshen wata in kwafi sabon abin da na ɗauka, in hau babur in kai Doguwa da kaina. Ga ruwan sama, ga faci, akwai ranar da na tura babur tun daga bakin daji har inda masu gyara suke. Mutanen garinmu suka samu abin yi. In na wuce majalisa sai a ce, "Malam, za a je gaida akwati? A ce muna yi masa sannu." Har ɗalibaina sun ji. Nakan ɗaga musu hannu in ce zai ji.

Na gida kuwa ya yi farin jini. Na ja rautar zuwa zaure, duk Juma'a da yamma mutane su taru, kowa ya buɗe a wayarsa ya ji kakansa ko kakarsa. Har waɗanda suka ce boko ya yi min yawa sun zo. A nan ne wata rana wani ya buɗe hirar da na yi da wani tsoho marini, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan. A tsakiyar hirar tsohon ya ce babbar rijiyar tsohon gari Fulanin da ke gefen gari ne suka haƙa ta, kuma kakan su Alhaji fatauci ne ya kawo shi, a unguwar marina aka sauke shi baƙo. Su kuwa gidan su Alhaji abin da suka tashi da shi shi ne kakansu ne ya sari garin ya haƙa rijiyar. Ga shi a lokacin ana maganar wanda zai gaji mai unguwa. Kafin magariba zancen ya zagaye gari.

Bayan kwana biyu da hantsi sai ga Alhaji da dattawa uku a zaurena. Da su kaɗai ne da na san abin da zan ce. Amma sun zo da baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe mu tun bayan rasuwar babanmu, shi ya yi min aure, ban taɓa musa masa ba. Bayan an gaisa Alhaji ya ce tsohon nan ya rikice kafin ya rasu, maganarsa za ta haɗa gari faɗa, zaman lafiya ya fi. Na fara cewa, "Ranka ya daɗe," sai baffa ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "Ba jayayya muka zo yi ba. Ni na ce ka goge."

Na dube shi, bai dube ni ba. Na ɗauko waya, na buɗe akwatin, na nuna musu sunan hirar, na goge a gabansu. Alhaji ya ce madalla, Allah ya yi albarka, suka fara neman takalma. Sai na ce, "Baffa, ka ce in goge, na goge, kuma ba zan mayar da ita cikin akwatin nan ba sai da izininka. Amma ba zan bari ku tafi da abin da ba haka yake ba. Hirar tana Doguwa. Na can ba ya gogewa don an goge na nan."

Alhaji ya saki takalminsa. Ya ce to gobe in hau babur in je in goge. Na ce, "Wancan ba nawa ba ne. Ajiyar Inna ce a hannun yayanta. Ko ni na je, zubawa kawai nake yi, ba zai bari in taɓa abin da ke ciki ba." Sai a lokacin na gane abin da tsohuwar nan ta hango ranar da take cusa tsummoki a kwando.

Baffa ya shiga ciki ya yi mata magana, ta yafa mayafi ta fito ta tsaya daga bakin ƙofar zaure. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali, ba ta yi sauri ba. Alhaji ya yi mata bayani cikin ladabi. Da ya gama ta ce, "Alhaji, na ɗebi ruwa a rijiyar nan ina yarinya. Wanda ya haƙa ta ban sani ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma mutumin nan ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya zuwa nan ya kare maganarsa ba. In ba daidai ya faɗa ba, ka zauna yaron nan ya ɗauki taka, a ajiye kusa da tasa, masu zuwa su ji duka biyun. Garinmu an rufe shi da ruwa muna kallo saboda ba mu da yadda za mu yi. Wannan kuwa ina da yadda zan yi. Ba zan aika ba." Ta ce a gaida gida, ta juya ta koma ciki.

Na ji daga baya an tura mutum har Doguwa. Kawu ya ba shi fura ya sha, ya ce masa mai ajiya ba ta aiko ba.

Abin ya yi min tsada, kada ku ɗauka a banza na sha. An cire ni daga kwamitin ƙungiya da nake ciki. Zaurena ya koma ba kowa ranar Juma'a. Wanda ya fi ci min rai shi ne baffa. Damina guda ina zuwa gaishe shi kullum da safe, ya amsa da "lafiya" ɗaya ya juya kai. Na sha kwanciya ina tambayar kaina ko muryar mutum ɗaya da ya mutu ta kai in rasa fuskar wanda ya riƙe ni. Amma duk ƙarshen wata ina hawa babur ɗina, kuma ban mayar da hirar cikin akwatin gida ba, tunda na yi masa alkawari.

Rigimar mai unguwa ta zo ta wuce, ba a ma kawo zancen rijiya ba. Bayan shekara guda Alhaji da kansa ya aiko wai in zo da wayata. Ya sa babbar riga ya zauna a kan kujera ya yi awa uku yana ba da tarihin gidansu. Da muka gama ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Wannan ma za a kai can ɗin ko?" Na ce za a kai, ranka ya daɗe. Ya ce yauwa, a kai.

Baffa kuwa sai da ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya na je gaishe shi, na tashi zan tafi ya ce in zauna. Ya kalli rufin ɗaki ya ce, "Innarka ta ce marinin nan ya ambaci Iya a cikin maganarsa." Na ce ya ambace ta, can wajen ƙarshe, mutane ba sa kaiwa wurin saboda kowa a batun rijiya yake tsayawa. Ya ce, "Na Doguwan yana nan?" Na ce yana nan, Baffa. Bai ce in ɗauko ba, ni ma ban jira ya ce ba. Na shiga wajen mahaifiyata ta kira yayanta ta ba da izini, na hau babur, kafin la'asar na dawo da hirar a ɗan faifaina.

Na kunna masa a waya na ajiye kusa da kunnensa. Da aka zo batun rijiya na miƙa hannu zan tsallake, ya ce in bari. Ya saurara har tsohon ya iso ranar tashi. Marinin ya ce motar kwasar kaya ta cika, kowa ya hau, ana ta yi wa direba magiya, sai aka ga babu Iya. Aka same ta a ɗakinta tana shara. Ɗakin da ruwa zai rufe, ta share shi tas, ta kwashe sharar ta kai juji, ta saki asabari, sannan ta fito ta hau mota ba ta waiwaya ba. Tsohon ya ce shi duk abin da ya gani a ranar, wannan ne bai taɓa mantawa ba.

Baffa ya sa na maimaita masa wurin sau uku. Hawaye yana bin gefen fuskarsa yana shiga kunne, bai share ba. Ya ce, "Ni ne na tsaya a kan motar ina yi mata tsawa ta yi sauri. Ban san abin da take yi a ciki ba sai yau." Sannan ya ce, "Ka mayar da ita inda ka goge." Bai cika wata biyu ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Har yanzu mutane sukan turo min tambaya, musamman masu shagon hoto da masu makarantu, wai wane akwatin ajiya ya fi, mai aljihu biyu ko mai huɗu. Ni ba masani ba ne, abokina ya fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma in kana da hali mai aljihu da yawa abu ne mai kyau. Faifan akwatina na gida ya taɓa mutuwa kamar yadda ya yi min gargaɗi, na sa sabo na kwafo daga Doguwa, ya kira ni ya yi min dariya son ransa. Amma abin da nake ce musu shi ne, kafin ka ƙirga aljihu, ka tambayi kanka a ɗakin wa abin zai kwana, kuma wane ne in ya ce ka goge ba za ka iya ce masa a'a ba. Ni nawa baffana ne, kuma da na biye wa fitilun nan da suka ruɗe ni, da ya mutu bai san abin da mahaifiyarsa ta tsaya yi a ɗaki ba.

Sabis ya ɗan gyaru a Doguwa yanzu, akwatunan suna aika wa juna da kansu. Duk da haka ina hawa babur lokaci lokaci in je in gan shi da idona. In na wuce majalisa har yau akwai mai cewa a gaida akwati, ni kuma in ce zai ji. Bana da aka yi girbi, Inna ta ƙara min kaya a bayan babur ɗin, dami ɗaya na farar dawa.